Girgizar Ƙasa da Alhakin Magini

Duk wanda ya bi kwaltar da ta taso daga Ngaundere, ta gangaro daga tuddan Adamawa, ta ratsa Tuboro ta nufi Mundu a ƙasar Chadi, ya ga gonakin auduga shimfiɗe dama da hagu, ya ga kogin Bina yana tafiyarsa zuwa ga Logon, da wuya ya raya a zuciyarsa cewa ƙasar da yake takawa tana ɗauke da tabon wani tsohon rauni. Amma masana ilmin duwatsu, waɗanda suka daɗe suna awon wannan yanki, sun tabbatar da cewa akwai wata doguwar tsaga a cikin ɓawon ƙasa wadda ta faro daga gaɓar tekun Gini, ta keta Kamaru, ta bi kudancin Chadi har Sudan. Wani reshenta shi ne wanda suke kira da sunan Cholire da Banyo, kwarin Mbere da ke kudu da Tuboro kuwa wuri ne da ƙasa ta dare ta nutse a wani zamani mai nisa, kamar yadda ramukan Doba, inda man fetur ya taru, wanda bututunsa yake ratsa wannan yanki zuwa Kiribi tun 2003, su ma 'ya'yan wannan tsaga ne.

Adalci shi ne a faɗa tun da farko cewa wannan rauni ya daɗe da kamewa, kuma haɗarin girgiza a ƙasar Rai Buba da Garwa kaɗan ne ainun idan aka gwama shi da na Turkiyya ko Iran. Sai dai kaɗan ɗin bai zama babu ba. An ji girgiza a Tibati cikin 1987, dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, mutanen Kwoi a kudancin Kaduna sun ji ƙasa tana motsi a 2016, haka mutanen Mpape a Abuja a 2018. Wanda ya fi waɗannan cancantar a tsaya a kansa shi ne abin da ya faru ranar 22 ga Disamba 1983 a ƙasar Gawal, arewa maso yammacin Gini, yankin Fulani makiyaya da manoma irin namu, inda ba a saba jin labarin girgiza ba, amma ta zo ta kashe mutane ɗaruruwa. Saboda haka mas'alar ta shafe mu, kuma abin da nake so in tattauna a kanta shi ne wannan: idan ƙasa ta motsa, bango ya faɗa wa mutum ya mutu, shin kalmar ƙaddara, wadda gaskiya ce babu kokwanto, ta rufe ƙofar bincike ke nan, ko kuwa akwai sauran tambaya da shari'a da hankali suke wajabta mana?

Ba za a iya amsa wannan ba sai an san abin da yake samun gini a cikin 'yan daƙiƙun nan. Magini, ko na tubali ko na bulo, duk fasaharsa ta tattaru ne a kan nauyin da yake dannawa daga sama zuwa ƙasa: rufi ya hau bango, bango ya hau tushe, tushe ya hau ƙasa, kowanne yana miƙa wa na ƙarƙashinsa. Girgiza kuwa mafi yawan ɓarnarta daga gefe take zuwa, domin ƙasa takan fizge tushen ginin gabas, ta mayar da shi yamma, sau da yawa cikin ɗan lokaci, alhali rufin, saboda nauyinsa, bai riga ya bi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan motar auduga direba ya fizge ta ba zato ya san wannan a jikinsa: ƙafafunsa sun tafi tare da motar, ƙirjinsa ya tsaya a baya, kuma gwargwadon nauyin kayan da ke kansa, gwargwadon wuyar da ƙugunsa zai sha. Ƙa'idar ke nan da injiniyoyi suke lissafi da ita, cewa ƙarfin da zai bugi gini shi ne nauyinsa idan aka riɓa shi da zafin fizgar ƙasa. Wato gini biyu a unguwa ɗaya, ƙasa ɗaya ta motsa a ƙarƙashinsu, amma mai nauyin rufi ya sha bugu ninkin na mai sauƙin rufi, kuma maginin ne ya zaɓa masa wannan rabo tun ranar da ya ɗora rufin.

Bayan nauyi akwai wani sirri mafi zurfi. Kowane gini yana da lokacin lilonsa, wato tsawon lokacin da yake ɗauka ya karkata ya dawo idan an tura shi. Gajeren gini mai tauri yakan yi wannan da sauri, dogon bene kuwa a hankali, har ma'abota wannan fanni suka ƙiyasta kusan daƙiƙa ɗaya ga kowane hawa goma. Ita ma ƙasar tana da nata lokacin: dutse yakan yi karkarwa mai sauri, laka mai zurfi da ƙasar fadama sukan yi tangaɗi mai jinkiri, kuma sukan ƙara wa girgizar girma. To idan lokacin gini ya dace da lokacin ƙasa, kowace tura sai ta hau kan wadda ta gabace ta, lilon ya yi ta ƙaruwa har ginshiƙai su gaza. Wannan shi ne abin da ya auku a birnin Meziko ranar 19 ga Satumba 1985, birnin da aka gina tsakiyarsa a kan lakar wani tsohon tafki: tushen girgizar yana can nisan kilomita fiye da 300, amma da igiyoyinta suka iso wannan laka sai suka kumbura, suka riƙa kaiwa da komowa duk bayan daƙiƙa biyu, suka zaɓi benaye masu hawa 6 zuwa 15 suka fi yi musu ɓarna, alhali ƙananan tsofaffin gidaje da wasu dogayen benaye na kusa da su suna tsaye. Mutumin kwarin Binuwai, wanda ya san baƙar lakar da ake shuka masakwa a cikinta, wadda take darewa da rani ta kumbura da damina, ya kamata ya ji wannan labari da kunnen basira, domin gidan da aka kafa a bakin kogi da wanda aka kafa a kan fa ba hukuncinsu ɗaya ba.

Abu na uku shi ne halin kayan ginin kansu, ko masu lanƙwasa ne ko masu karyewa. Tubalin laka da bulon siminti suna da juriya matuƙa idan ana danna su, amma idan aka ja su ko aka murɗa su sai su tsage farat ɗaya, ba gargaɗi. Itace da ƙarfe kuwa sukan lanƙwasa su shanye bugu kafin su saki, kuma a cikin wannan ɗan jinkiri ne mutane suke samun fita. Birnin Bam na Iran, wanda aka gina da tubalin laka da rufi mai nauyi, girgiza ta same shi da asubar 26 ga Disamba 2003, mutane suna barci, kusurwoyin ɗakuna suka rabu, bangaye suka buɗe waje, rufi ya sauko, aka rasa rayuka fiye da 26,000. Ina ganin girman aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya ɗaure bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, kamar yadda nake ganin kwarjinin garun fadar Rai Buba. Amma gaskiya ita ce soron laka mai kauri, duk da sanyinsa da kyansa, yana cikin jinsin da girgiza ta fi cutarwa, in ban da abin da azarar da ke cikinsa za ta riƙe. Ɗakin da ya fi kowanne aminci a wannan babi shi ne wanda aka fi rainawa, wato zagayayyen ɗakin ƙauye mai jinkar ciyawa, domin ba shi da kusurwar da za ta rabu, bangonsa gajere ne, rufinsa kuma ko ya faɗo da wuya ya yi kisa.

Duk wannan bayani, idan mai karatu ya lura, bayanin wata al'ada ce mai maimaituwa, wadda ba ta canzawa daga Meziko zuwa Iran, kuma a nan ne malaman tauhidinmu suke da maganar da ta fi ta kowa daidai. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda Ummul Barahin ɗinsa ta zama abincin zaurukan karatu daga Sakkwato har Adamawa, har Fulani suka mayar da ma'anoninta cikin harshensu suna haddacewa, ya karantar da cewa hukunci iri uku ne: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne haɗin da muke gani tsakanin abu da abu saboda maimaituwarsa, kamar ƙoshi bayan ci, tare da imanin cewa Allah ne yake halittar sakamakon, kuma yana da ikon saɓa shi in ya so. Kafinsa Imamu Gazali, a cikin Tahafutul Falasifa, ya kafa misali da wuta da auduga, ya ce haɗuwarsu muke gani, ƙonewar kuwa aikin Mahalicci ne. Ibnu Rushdi ya yi masa raddi mai tsawo, yana tsoron kada wannan ra'ayi ya rushe ilmi gaba ɗaya, kuma tsoronsa yana da wurin zama idan aka dubi yadda jahilai suka fahimci maganar. Amma Gazali kansa bai taɓa nufin a ajiye garwashi a rumbun auduga ba. A masana'antar gurzar auduga ta Sodecoton da ke Tuboro, mai tauhidi mafi tsarki shi ne zai fi kowa saurin hana a kunna ashana kusa da tulin kaɗa, domin ya san al'adar Allah ta gudana da ƙonewa, kuma wanda ya jingina da keta al'ada ba tare da wahayi ba ya yi rashin ladabi ga Mai al'adar. To faɗuwar rufi mai nauyi daga kan bangon da ba a ɗaure ba hukuncin al'ada ne daidai da wancan, bambancin kawai shi ne wuta kullum muna ganinta, girgiza kuwa takan yi shekaru ɗari ba ta zo ba, sai tsawon jinkirin ya sa mu manta cewa tana da ƙa'ida.

Magabata ba su manta ba. Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a Masar a 1505, wanda ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, yana da littafi a kan girgizar ƙasa mai suna Kashfus Salsala, inda bayan ya kawo abin da aka ruwaito na wa'azi da tsoratarwa, ya zauna ya jera girgizojin da suka auku a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara har zuwa zamaninsa, jeren da masana na yau suke komawa gare shi don sanin garuruwan da ke kan haɗari. Malami ɗaya ya haɗa tsoron Allah da ƙidayar tarihi a tsakanin bango biyu na littafi ɗaya, bai ga karo a tsakaninsu ba.

Akwai masu cewa girgiza azaba ce, don haka maganar rodi da siminti gudun hukunci ne. Lalle girgiza aya ce mai tunatar da bawa rauninsa da ranar da ƙasa za ta fitar da nauyinta, kuma zuciyar da ba ta kaɗa ba a gabanta ta ƙeƙashe. Amma yanke cewa wasu mutane ayyanannu an azabtar da su ne saboda zunubinsu, wannan da'awar sanin gaibu ce, kuma abin da ido ya gani yana ƙaryata ta. Girgizar Lisbon ta safiyar 1 ga Nuwamba 1755 ta sami Kiristoci cike da majami'u a ranar idinsu, ta rushe manyan majami'un a kansu; girgizar tuddan Atlas a Maroko ranar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, ta rushe yawancin masallacin Tinmal da Muwahhidai suka gina tun ƙarni na 12, ta binne talakawa masu salla a ƙauyukan laka, alhali sababbin gine-ginen Marrakesh mafi yawansu suna tsaye. Bayan ta Lisbon wani limamin Kirista, Malagrida, ya yi ta wa'azin cewa fushin Ubangiji ne kuma sake gini shagala ce, masanin falsafa Voltaire ya yi amfani da ita wajen tuhumar hikimar halitta, sai takwaransa Rousseau ya rubuta masa wasiƙa a 1756 yana tunatar da shi cewa mutane ne suka cunkusa gidaje masu hawa shida da bakwai a wuri ɗaya. Wazirin ƙasar, Pombal, kuwa ya aika wa kowace gunduma tambayoyi a kan tsawon girgizar da irin ɓarnarta, sannan ya sa aka sake gina tsakiyar birnin da kejin katako a cikin bangaye. A ganina Rousseau da Pombal sun fi kusa da abin da fiƙihunmu ya tafi a kai, ko da yake ba daga rijiyarmu suka sha ba.

Domin kuwa ya tabbata a hadisi, kuma Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, cewa wanda gini ya faɗa wa ya mutu yana cikin shahidai. Wannan kaɗai ya isa ya hana harshe tuhumar mamatan. Sai dai shahadar wanda aka danne ba ta wanke wanda ya gina ba, kamar yadda shahadar wanda aka kashe bisa zalunci ba ta ɗauke wa makashinsa laifi. Ajali ɗaya ne, ba ya gaba ba ya baya, amma shari'a ba ta taɓa karɓar wannan a matsayin hujja daga bakin wanda ake tuhuma ba. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, lokacin da ya isa Sargu ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddara take, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshen bai fita daga ƙaddara ba. Malaman furu'a kuwa sun sauko da wannan asali har kan katanga. Mukhtasar na Halilu, wanda alƙalan ƙasar Hausa da na Fombina suka yi hukunci da shi, ya ambaci bangon da ya karkata, aka gargaɗi mai shi, ya sami lokacin gyarawa bai gyara ba, ya faɗa wa mutum ko dukiya: lamuni yana kansa. Masu sharhi suka ƙara da cewa idan tun asali a karkace ya gina shi, to lamuni ya hau kansa ko ba a gargaɗe shi ba. A Tunis ta ƙarni na 14 har akwai wani magini, Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba bangayen da ake jayayya a kansu, ya tattara wannan sani a littafinsa na hukunce-hukuncen gini.

Wannan ƙarin na masu sharhi shi ne zuciyar mas'alarmu. Benen da aka ɗora a kan tushen da aka haƙa don hawa ɗaya, ko aka rage masa rodi, ko aka cuɗa simintinsa da yashi mai laka, ko aka mayar da hawansa na ƙasa duk shaguna masu faɗin ƙofa, siraran ginshiƙai kaɗai suna ɗauke da ɗakunan sama, wannan bango ne da aka gina a karkace tun ranar farko, ko da ido yana ganinsa a miƙe. Irin wannan na ƙarshe yana cikin waɗanda suka durƙushe da yawa a kudancin Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023, inda mutum fiye da 50,000 suka rasu, shekaru kaɗan bayan gwamnati ta yi afuwar 2018 wadda ta halatta gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba idan an biya kuɗi. A 2010 girgiza mai maki 7.0 ta sami Haiti, gwamnatin ƙasar ta ambaci mamata fiye da 200,000. Bayan mako shida mai maki 8.8, wadda ƙarfinta ya ninka waccan kusan sau 500, ta sami Chile, ƙasa mai dokar gini da ake bi, waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Mu kuwa ba ma jiran ƙasa ta motsa: a watan Yuli na 2023 wani bene ya rufta a Duwala ya kashe mutum fiye da 30, cikin waɗancan kwanaki kuma wani ya rufta a Ngaundere, a kan hanyarmu, ƙasa tana kwance lafiya. Ginin da nauyin kansa ya kayar da shi, me ake zaton zai yi da fizga ko da 'yar ƙarama ce? Agadir ta Maroko a 1960 girgizarta ba ta kai maki 6 ba, amma ta kashe mutum 12,000 ko fiye.

Za a ce, kuma maganar tana da nauyi, manomin auduga da ya tara kuɗin kaka uku ya sayi bulo da kwano ba shi da halin ɗaukar injiniya, kuma kashe dukiya don tsoron abin da watakila ba zai zo ba har jikokinsa almubazzaranci ne. Na yarda cewa Allah bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma ba wanda zai nemi mutumin Mbaibum ya yi gini irin na Japan. Amma abubuwan da suka fi ceton rai a ƙaramin gida masu araha ne: a zagaye saman bangaye duka da ɗamarar kankare guda ɗaya mai rodi, maimakon linta a kan ƙofa da taga kaɗai, don ɗakin ya motsa a matsayin jiki ɗaya, a sarƙe bulo a kusurwa, kada a buɗe taga dab da ita, a bar rufi da sauƙi, a matso da zobban rodi kusa da juna a kan ginshiƙi da gindinsa, a lanƙwasa bakinsu ciki, a wanke yashi, a shayar da kankare ruwa har ya ƙosa. Waɗannan su ne kuma suke kare gida daga darewar laka da guguwar farkon damina, waɗanda ba sa jinkirin shekara ɗari. Talakan da ya gina ɗakinsa gwargwadon saninsa da ikonsa yana da uzuri. Wanda ba ni ganin uzurinsa shi ne attajirin da ya kashe dukiya a kan fenti da tayil ya tsuke hannu a kan rodi, da ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin buhu ɗari ya zuba saba'in, da ma'aikacin da ya sa hannu a takardar izini bai taka wurin ba, sannan aka zuba 'yan haya da ɗalibai da masu salla a ƙarƙashin wannan rufi, mutanen da ba su da hanyar sanin abin da ke cikin ginshiƙi.

Wahalar da ta rage, wadda littattafan da suka gabata ba su fuskance ta da wannan siffa ba, ita ce sharaɗin gargaɗi. Bangon laka idan ya karkata maƙwabci yana gani, ya kira shaidu, ya kai ƙara gaban alƙali ko lamiɗo. Aibin kankare kuwa ɓoyayye ne: da zarar an zuba shi an yi yaɓe, babu maƙwabci ko mai unguwa da zai iya cewa ga inda aka ci amana, sai ranar da ya faɗi. Lokacin shaida ɗaya ne tak, shi ne ranar da aka gama ɗaurin rodi kafin a zuba, kuma a wannan rana ce ya kamata wani masani wanda ba ya cin albashin mai gini ya tsaya ya ƙirga, ya auna, ya rubuta, irin tsayuwar da Ibnur Rami yake yi wa alƙalan Tunis. Wannan farali ne na kifaya a kan hukumar gari, kuma inda hannunta bai kai ba, kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, waɗanda su ne suka fi kowa ɗora hawa na biyu da kuɗin sadaka a Garwa da Tuboro da garuruwan da ke tsakaninsu, suna iya farawa da nasu gine-ginen, su sanya ladan wannan mai dubawa a cikin ƙiyasin aiki tun kafin a sayi buhun siminti na farko.